Yadi Miliyan Goma Sha Biyu

Shekara talatin tef na rataye a wuyana
a shagon nan na Fagge mai ƙofa ɗaya.
Na auna kafaɗar ango, na zagaye tumbin attajiri,
babu awon da aka kawo na ce na kasa.

Sai ranar Talata da Barira za ta tashi.
Adaidaitar Sagiru ce ta kai mu filin jirgi.
Ta shige bayan gilashi tana jan akwati,
na ce ba za ta waiwayo ba,
ta waiwayo, sau ɗaya,
ta ɗaga min fasfo kamar mai wasa.

Da na dawo na ce wa Mudassir, yaron shago,
duba min a wayar nan taka,
daga Kano zuwa Gwanzu nawa ne?
Ya latsa ya ce, "Kilomita dubu sha ɗaya, ba kaɗan."
Na ce Zariya na sani, Daura na sani,
wannan kuwa bai shiga kunnena ba,
mayar min da shi yadi in ji irin nisa.

Ya sake latsawa, har da dariya:
"Baba, yadi miliyan goma sha biyu."

Na ajiye almakashi.
Na ɗauki alli na hau lissafi a teburin yanka.
Yadi biyar-biyar, kaftani da wando,
mutum miliyan biyu da ɗoriya sun sami na Juma'a.
A kwashe Kantin Kwari kaf, a warware
bandir bayan bandir, shadda, atamfa, leshi,
a ba ni in haɗa baki da baki,
anya ƙarshen zai isa?

Wai ma ba miƙe ake tafiyar ba.
Sai an sauka Adis Ababa an yi zaman jira,
kamar zare ya tsinke ana tsakiyar kalmasa,
a lashi bakinsa, a nemi kafar allura,
sannan a ƙarasa.

Awa bakwai ce tsakanina da ita.
Ina alwalar azahar, ta idar da isha'i.
Ina jan ƙofar shago da dare, asubarta ta kusa.
Ashe rana ma gwanjo take zuwar mini,
Barira ke fara sa ta sabuwa fil,
ni kuma in karɓa ta ɗan sha jiki.

Da can jirgi kan wuce ta saman kwanonmu,
kofin shayi ya yi rawa, ban ko ɗaga kai.
Yanzu ƙafata ce ke tsayawa da kanta a kan keke,
in leƙa ta ƙarƙashin rumfa
ina bin cikinsa da ido har in rasa.

Jiya ta kira, fuskarta na tsayawa tana tafiya,
maganarta na zuwa bayan bakinta ya rufe.
Ta nuno min wani yadi ruwan toka.
"Baba, wannan zai tafi a Kano?"
Na kai yatsu biyu in murza in ji nauyinsa,
gilashi na murza.
Na ce zai tafi. Me zan ce?
Ta ce sanyi ake yi, na ce ki rufe ƙirji,
layin ya yanke ba mu gama gaisawa ba.

A tsohon littafin awo, shafin da mai ya ɓata,
akwai sunanta da rubutuna na ƙuruciya:
yadi ɗaya da rabi, har da ɗankwali.
Wannan ce yau ta ƙetare miliyan goma sha biyu
tana barci, in ji ta, kanta jingine da taga.

Na yanka mata rigar dawowa daren jiya.
Awonta na nan a kaina, ban duba littafi ba.
Amma na bar inci biyu a ciki, kowane gefe,
na ninke, na yi masa ɗinkin wucin gadi,
don ban taɓa ganin wanda ya je ya dawo
daidai da awonsa ba
daga irin wannan nisa.